Jifa na Biyu a Filin Tsafe

A ƙauyenmu, can bayan Bungudu ta wajen Karakkai, Allah bai ba mu kwalta ba, bai ba mu famfo ba, amma ya ba mu mutum guda wanda tsawonsa ya sa yake fara ruku'u tun daga ƙofar masallaci. Jikan yayana ne, wato jikana, saboda haka al'ada ta halatta mini in ci mutuncinsa safe da yamma, shi ma ya rama. Ina ce masa gwangwala. Yana ce mini tsohuwar rediyo, wai an ƙera ni ba a sa mini makashi ba.

Ƙwallon kwando yake yi. Ga waɗanda ba su yi zurfin karatu kamata ba, ni da na kai har aji huɗu kafin gona ta kira ni, bari in yi bayani: ƙarti goma ne ke wahalar da kansu don su jefa ƙwallo cikin kwandon da gindinsa a ɓule yake, ta faɗo, su sake. A makarantar kwana a Gusau ya koya, wajen wani malami Kirista mutumin Filato. Ya yi wasa a Kaduna, ya yi a Kano, har hotonsa ya fito a jarida, muka liƙa shi a shagon mai shayi sai da hayaƙi ya cinye fuskar. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gona, ya ci gaba da yi wa ƙungiyar Bungudu wasa. Abin da aka fi saninsa da shi jifan tara ne, wanda ake ba mutum idan an yi masa ƙeta: kowa ya tsaya cik, kai kaɗai da kwando. Shi wannan jifan ko da fira yake yi da kai zai saka.

Abu ɗaya ya rage masa, bai taɓa karɓe kofi daga hannun Gusau ba. Ga gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ga furfura a gemu. Ya faɗa da bakinsa cewa wasan ƙarshe na waccan shekarar shi ne na ƙarshensa.

A shekarar ce kuma wani attajiri a Gusau ya ga dama ya tara wa ƙungiyar garin taurari. Ya ɗauko wani daga Jos, wani daga Ikko, da wani da aka ce ya taɓa wasa a ƙasar waje, ko da yake ba a faɗi wace ƙasa ba, kuma Nijar ma waje ce. Masu shirya gasa suka ce don adalci ba za a yi a Gusau ba, ba za a yi a Bungudu ba, sai a Tsafe. Na jinjina wa wannan adalci, wanda sai mun ratsa garin abokan gabarmu mun wuce kafin mu same shi.

A wajen mai shayi aka yi ta lissafin yadda za ta kaya. Ni na yanke hukunci a gabansa. Na ce, "Gwangwala, taurari biyar a can, a nan kuma fitila guda mai tsohon batir. Ka bar wasiyya."

Ya ce, "Kaka, kai dai riƙe mini takalmi. Nan iliminka ya tsaya."

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani. Tun da mutanen daji suka fara zagaye yankinmu, muna da doka biyu da ba a rubuta ba: ba a barin gari babu maza, kuma magariba ba ta riskar mai hankali a hanyar Tsafe. Gadi muke yi bi da bi. Lokacin kuma kaka ce, rumbuna a cike, shanu sun yi ƙiba, wato lokacin da aka fi kallonmu daga nesa.

Ranar wasan aka kawo motar katako. An yi shawara rabin maza su tafi, rabi su zauna. To, kowane namiji a garinmu ya yi wa kansa fatawa cewa rashin mutum guda ba ya rage gari. Mai unguwa ya hau motar don ya sauko da mutane, motar ta tashi da shi. Da na waiga daga sama, abin da na hango a ƙofar gari shi ne liman, wanda idonsa ya riga ya yi ritaya, da mahauci mai ciwon ƙafa, sai mata a bakin zaure suna ɗaga mana hannu. Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi.

Dariyar ta raka mu har Gusau. Daga dutsen Kwatarkwashi ta fara tsinkewa. Gonakin dawa a gefen hanya sun bushe a tsaye babu wanda ya girbe. Ga wata kasuwar bakin titi, rumfuna kawai. Direbanmu, wanda da safe yake rera waƙa, ya kashe rediyonsa ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Da muka sauka a Tsafe ya tara mu ya nuna wata doguwar giginya a yamma da filin.

Ya ce, "Ku ji ni da kyau. In rana ta sauko bisa kan giginyar can, na tada mota, ko da ni ɗai na cikinta. Ina da ɗiya ƙanana."

An ce bayan azahar za a fara. Attajirin bai iso ba sai da aka yi la'asar, kuma ba a fara wasa babu mai kofi. Jikana ya miƙo mini silifas ɗinsa da wayarsa, ya ɗaure gwiwa, ya shiga.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: yaran nan na attajiri sun iya. Na Jos ɗin yana tashi sama kamar an harbo shi da gwafa. Na ƙasar waje ba ya kallon wanda zai ba ƙwallo, sai dai ka gan ta a hannunsa. Amma taurari biyar kowa so yake a kalle shi, su kuma namu mutum guda suke nema. Gwangwala ba ya gudu, ba ya tsalle. Yana tafiya a filin kamar mai duba shuka, ya tsaya inda ba wanda ya zata, ƙwallo ta same shi a can. Su ci, mu ci. Ni kuwa ina bakin fili ina aikina. Na gaya wa jikana cewa tsohuwata ta fi shi sauri da tulu a kai. Na gaya wa na Ikko cewa wandonsa na ƙanwarsa ne. Har alƙalin wasa sai da ya roƙe ni arziki.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Matarsa ce. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rumbu.

"Kaka, wasu mutum biyu sun zaka bisa babur. Sunka ce saniya suka biɗa."

Na ce, "To, sun gan ta?"

"Ba su dubi turke ko guda ba. Ƙofofi suka duba. Sunka roƙi ruwa, Inna ta ba su. Guda ya ce, yau garin ba maza?"

Inna ita ce tsohuwata, wato uwargidana. Na ce, "Mi ta ce musu?"

"Ta ce kuna fadama wajen gayya, yanzu za ku komo. Sai ya yi murmushi. Sun bi ta rafi. Kaka, yaushe za ku..."

Layin ya yanke. Na kira, na sake kira, wayar ta ce in yi haƙuri.

Na ja mai unguwa gefe na gaya masa. Ya dubi rana, saura kaɗan ta taɓa giginya. Ya dubi mutanenmu suna tsalle a bakin fili. Ya ce idan ya yi shela yanzu za a tattake juna, wasu su hau baburan haya su watsu a hanya ɗaiɗai, wanda ya fi komai muni. Wasan ya kusa ƙarewa. Da an busa usur, kowa mota, a tafi a dunƙule. "Kuma kada dogon nan ya ji," in ji shi.

Ban gaya masa ba. Na koma wurina na zauna da silifas a cinya. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne bakina. Ya rufe. Na Jos ya zame ya faɗi a gabana, ƙafafu sama, irin faɗuwar da mutum zai ci shekara yana ba da labarinta, ban ce uffan ba.

Da aka tsaya shan ruwa ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe ni.

"Tsoho, wa ya kashe rediyo?"

Na ce, "Batir ne."

"Wa ya kira?"

Na ce, "Masu talla."

Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya dubi sunan da ya kira. Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Ya dubi giginya. Usur ya kira shi ya koma.

Abin da ya yi bayan nan, waɗanda suka gani har yau suna rantsuwa a kansa. Mutumin da ba ya gudu ya fara gudu. Ina jin gwiwar daga inda nake, ko kuwa zuciyata ce, ban sani ba. So yake ya gama da su a cikin lokaci. Ya ci daga nesa, ya ci daga kusa, ya ƙwace ƙwallo daga hannun na ƙasar waje kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro. 'Yan Gusau suna gaba da maki ɗaya tak, lokaci na ƙarewa, ya tashi zai jefa, biyu daga cikinsu suka rufto masa. Usur. Lokaci ya cika, amma an ba shi jifan tara guda biyu.

Lissafin ko ni ɗan aji huɗu na iya shi. Ya saka biyu, kofi namu. Ya zubar da biyu, kofi nasu. Ya saka ɗaya, kunnen doki, sai ƙarin lokaci, kuma ƙarin lokacin wannan wasa da tsaye-tsayensa da gardamarsa ba ya sanin rana na faɗuwa.

Ya buga ƙwallo a ƙasa, ya lanƙwasa, gwiwar ta ba shi kunya a daidai lokacin da ya saki. Ƙwallo ta zagaya bakin ƙarfe, ta leƙa ciki, ta fasa. Wannan kuskure ne na Allah da Annabi, na gani a fuskarsa.

Saura ɗaya. Nasara ta riga ta tafi, abin da ke hannunsa kunnen doki ne. Mutanenmu suna ihu, "Saka ta! A ƙara lokaci! Sun gaji!" Kuma gaskiya ne, taurarin sun gaji, harsuna waje. Da an ƙara, ina jin da ya cinye su. A bayan taron na ji motar katako ta yi tari ta tashi. Rana ta zauna a kan giginya.

Ya daɗe da ƙwallon a hannu. Bai kalli kwando ba. Sai ya jefa, jifan da ko jikanyata ba za ta yi ba, ta bugi gaban ƙarfe ta dawo. Kafin ta gama birgima ya juya ya nufi mota, bai gaisa da kowa ba. 'Yan Gusau suka bi shi da ihu, wai tsoho ya ga taurari hannunsa ya mutu.

A mota namu ma ba su bar shi ba. Wani ya ce an saye shi. Wani ya ce asiri ne. Yana zaune a kusurwa ya miƙe ƙafar, gwiwa ta kumbura kamar kabewa. Sai da muka wuce Kwatarkwashi, inda babu mai iya dira, mai unguwa ya miƙe ya faɗi abin da aka faɗa a waya. Magariba ta same mu a Gusau, ba mu tsaya ba. Bayan Bungudu muka sauka daga kwalta, duhu ya fara.

Kusa da rafi fitilar mota ta haska gindin tsamiyar da ke bakin hanya. Sawun babura ne a yashi, kuma ba na biyu ba. Ga bawon rake a zube, fari tas, bai ko bushe ba. An zauna a nan, an jira wani abu.

Sai gwangwala ya yi magana, karo na farko tun Tsafe. "Ku yi hayaniya. Ku buga mota. Su ji mu da yawa muke."

Direba ya danne ham. Muka dinga dukan katako da hannu da takalmi, muna ihu, muna kirari, wasu suna kuka a ciki. Ni ma rediyo ta dawo, na zagi duk wanda ke cikin dajin nan har kakansa. Haka muka shiga gari kamar masu ɗauke da kofi. Mata suka fito daga ɗakunan da suka kulle kansu, suka ɗauka mun ci, suka rangaɗa guɗa. Rumbuna suna nan. Shanu suna nan. Liman yana zaune a ƙofar masallaci da taɓarya a cinya.

Bai sake wasa ba. A Gusau, idan aka yi zancensa, ba a tuna Kaduna ko Kano, sai a ce ai shi ne wanda ya zubar da biyu a Tsafe. Na ji da kunnena a tasha, daga bakin wanda ko ƙwallon bai taɓa riƙewa ba. Na buɗe baki zan ba shi labarin bawon rake, sai na tuna ban san wanda ke zaune kusa da mu ba.

Kwanan baya na same shi a ƙofar gari wajen la'asar sakaliya, ranar gadinsa, ya miƙe ƙafar a kan kututture, fuskarsa wajen rafi. Na zauna.

Na ce, "Gwangwala, tsakaninka da Allah. Na biyun nan."

Ya ce, "Gwiwa ta, tsoho."

"Gwiwa ta yi na farko. Na biyun fa?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa, sai ya ɗaga hannu in yi shiru. Can nesa, ta bayan tsamiya, akwai ƙarar babur. Muka saurara, ko za ta wuce.