Wushiryar da Na Rufe

Haƙorana na sama sun turo gaba tun ina ƙarama, da wushirya a tsakaninsu irin ta marigayiya mahaifiyata. A sakandaren da nake koyarwa a Kafanchan, yara Malama Zomo suke ce mini a bayan idona. Na shanye abin har shekara shida. Ranar da na ga an zana ni a allo da kunnuwa zaƙo-zaƙo, na shiga motar Kaduna.

Likitan haƙori ya ajiye mini abu biyu a tebur. Ga waya, wadda ake ɗaurawa a haƙora kowa yana gani. Ga kuma roba gani-har-hanji, a cire lokacin cin abinci a mayar. Ni da na gudo daga dariya, in koma aji da ƙarfe a baki? Na ɗauki roba. Ya tambaye ni ko a bar wushiryar.

"A rufe komai," na ce, ko tunani ban yi ba.

Da waya na zaɓa, da gwaggona ta gani tun zuwan farko ta tsawata mini. Ita ke jinyar Baba a Nok tun da mantuwa ta kama shi. Ya manta hanyar gonar cittarsa, ya manta sunan fastonmu, har sunana ya ɓace masa. Amma duk Asabar in na sauka daga acaɓa na durƙusa, sai ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓena ya leƙa.

"Mai wushirya na ya zo," yake cewa, da Hausarsa ta kasuwa. Sai ya yarda ya ci tuwo daga hannuna.

Ni kuwa cire robar nake yi tun a bakin rafin da ke kan hanyar gidanmu, in ƙulle a hankici, ina jin na iya wayo. Wushiryar tana matsewa a hankali ba wanda ya lura. Aikin jarrabawa da damina suka tsare ni wata biyu ban je ba, a cikinsu ta gama rufewa.

Da na koma, Baba ya ɗaga leɓen ya daɗe yana kallo, sannan ya janye hannunsa.

"Wannan baƙo wanene?"

Gwaggo ta kama haɓata ta juyo ni haske. "Ke! Me ka yi da bakin maman ki?"

Na faɗi sunana, na yi masa yarenmu, na rera waƙar sujada da yake so. Ya kau da kai daga tuwon. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Litinin ina gaban likita ina kuka, ina roƙo ya buɗe mini ita, ko da waya ce, ko a yi mini dariyar duniya. Ya ce zai yiwu, amma sai an yi watanni. Baba kuwa ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Na daina sa robar, na dinga cusa tsinken tsintsiya tsakanin haƙoran har dasashina ya yi jini. Ko gezau.

Asabar ta gaba, a bakin rafin nan, na goge haƙoran suka bushe, na ja baƙin layi da kwalli a tsakaninsu. Na taka zuwa gida baki buɗe kada miyau ya wanke shi. Na durƙusa a gaban Baba.

Ya ɗaga leɓen. Ya kalla, ya sake kalla. Sai ya sa yatsa ya goge kwallin a hankali, yadda yake goge mini majina ina ƙarama.

"Datti ne, ya fita," ya ce. "Baƙo, daga Kafanchan ka zo? Yarinya na yana can, mai wushirya. Ka ce masa ya zo, ina jin yunwa."