Zanen da Ya Kusa Rufe Awon Jarirai a Fagge

Wata Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ajin wata firamare kusa da shataletalen Bata. Mu bakwai ne: shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da atamfa, nas ɗinmu, 'yar Ibo haifaffiyar Sabon Gari da kowa ke kira Sista, 'yan kwamiti huɗu, sai ni, sakatare. A lokacin ni matashi ne mai karanta labarai a rediyo, a shekarun da kuɗin mai suka cika gari, kuma na ɗauka duk abin da ya tsaru a takarda gaskiya ne.

Ƙungiyarmu ta sa-kai ce, aikinta awon jarirai da ba iyaye shawara, Litinin a Sabon Gari, Laraba a Fagge. Sai asibitin da Sista ke aiki ya rage mata hutu, ya zama rana ɗaya kawai za ta iya ba mu a mako. Dole a rufe wuri ɗaya. Na karɓi rajista na ƙirga layukan kowane wuri, na sayi farin kwali da rula da jan alƙalami, na zana ginshiƙai biyu. Na Sabon Gari ya kusa taɓa bakin kwali, na Fagge ko rabinsa bai kai ba. A taron wannan Asabar ɗin na miƙe na yi bayani da muryar karanta labarai. Alhaji, wanda shi kansa ɗan Fagge ne, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce tunda ɗan boko ya zana, ai magana ta ƙare. Aka tsayar a rufe Fagge ƙarshen wata. Na ji daɗi ƙwarai, kuma har yau wannan jin daɗin nake jin kunyarsa.

Sista ba ta yi gardama a taron ba. Da muka fito ta tambaye ni ko Malam Rediyo ya taɓa zuwa awo da ƙafarsa. Na ce rajista ta ishe ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in zo ran Laraba.

Na je. A wani babban zaure ake yi. Wata tsohuwa, ungozomar unguwa, ta shigo da goyo a baya da wani a kafaɗa. Aka rubuta sunanta, aka auna su, ta fita. Kafin in gyara zama ta dawo da wasu biyu. Sau huɗu tana zuwa, ba a ƙara mata layi ba, domin nauyin kowane yaro a katinsa ake sawa, rajista kuwa sunan wanda ya kawo take ɗauka. Matan gidajen ba sa fita, sai su ba ta jariransu. A Sabon Gari kuwa kowace uwa ita ke kawo nata. Ashe tsofaffi na ƙirga na kira su jarirai.

Sista ta gaya wa tsohuwar cewa ga wanda ya ce babu yara a Fagge. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe wannan ne mai muryar, ita ta zaci wani ƙato ne. Ta ce tunda angon nata bai iya ƙirga da ido ba, bari ya ƙirga da cinya, ta ɗora mini biyu. Nan take ɗaya ya jiƙa mini riga, zauren ya kaure da shewa. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Asabar ta gaba na faɗi kuskurena a gaban kwamiti, har da labarin jaririn da ya jiƙa mini riga, na kawo sabon zane da na ƙirga daga katunan yara. Ginshiƙan sun kusa yin kai ɗaya. Alhaji ya yi hamdala, ya ce daga yau in ɗan boko ya zana, a kai shi zaure a wanke shi tukuna.

Rulata ba ta yi ƙarya ba, lissafina ma daidai ne; abin da na ƙirga ne ba shi ba. Ina jan hankalin duk mai zana wa ƙungiya alƙaluma: kafin ka ja layi, ka tambayi mai cika rajista abin da layi ɗaya ke nufi, ka je wurin ka gani. Mutane suna jin nauyin musa zane mai kyau, ko da sun san unguwarsu.

Kwamiti ya soke hukuncinsa, aka raba ranar Sista mako-mako tsakanin wuraren biyu. Awon Fagge ya ci gaba har aka buɗe ƙaramin asibiti a unguwar.