Ranar da Na Kai Baƙi Ganin Dajinmu

Abokina mutumin Kalaba ne. A wajen bautar ƙasa muka haɗu, a wani ƙauye na Jihar Kwara, ɗaki guda aka ba mu. Duk lokacin da kewar gida ta taso mini a can, labarin Birnin Gwari nake yi masa: dajin da ido ba ya kai ƙarshensa, zumar da ake kawowa kasuwa a kwalabe, giwayen da manya ke cewa sukan ratsa gona su bar sawu kamar turmi. Yakan saurara yana gyaɗa kai, ya ce wata rana sai ya zo ya gani.

Bara, da ruwa ya ɗauke, ya ɗauki hutu, ya sa matarsa a mota, wai za su ratsa ƙasar nan daga bakin teku har Sakkwato. Sun tsaya a Lakwaja inda koguna biyu suka haɗu, sun yi hoto a gindin Dutsen Zuma, sannan suka sauka a gidana da ke Kaduna, inda nake koyarwa.

Bayan mun ci abincin rana aka shiga shawarar inda za su nufa. Matar tana son ganin ganuwar Kano da marina, tana kuma son Yankari saboda ruwan ɗuminsa. Hutun kuwa ba zai isa duka ba, dole a bar wani wuri.

"A bar Yankari," in ji abokina, yana nuna ni da cokali. "Ga mai daji a zaune. Garinsu za mu je."

Na ce masa ai abubuwa sun canja. Ya ce ya sani, yana jin labarai, amma ba an ce hanya ta buɗe ba? Gaskiya ne, motoci sun koma bi. Matar ta dube ni da fara'a, ta ce tun kafin aurensu take jin labarin giwayena. Sai na ji nauyin in ce musu garinmu ba wurin yawon buɗe ido ba ne yanzu. Na ce to, Allah ya kai mu.

Da safe muka kama hanya. Tun daga Buruku na ga matar ta rage magana. Shingen sojoji, ramuka, ƙauyukan da ciyawa ta cinye rufinsu. A wani wuri muka wuce makaranta babu ƙofa babu taga, shanu na kwance a inuwar ajin. Ta ɗaga waya za ta ɗauka, ta dube ni, ta mayar da ita cinya. Da ma ta ɗauka, da zai fi mini sauƙi.

Gidanmu na gado muka sauka. Iyayena sun rasu, ƙanina ne a ciki da iyalinsa, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta baro ƙauyensu Gwaska bayan an kashe mijinta a gona. Da ɗan ƙullin kayanta ta zo, tun lokacin kuma ba ta koma ba. Ita ta tarbe mu. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ta kawo fura da nono, ta sa aka yanka kaza duk da na hana.

Na ja ƙanina gefe na tambaye shi ko akwai wani gefen dajin da za a iya leƙawa. Ya dube ni kamar wanda ya sha wani abu.

"Yaya, wane dajin? Mu da ke nan ma iyakarmu gonakin bakin gari."

Na dawo na zauna. Matar abokina ba ta jin Hausa, Gwaggo kuma ba ta jin Turanci, saboda haka ni ne tafinta. Matar ta ce in tambayi Gwaggo ko ta taɓa ganin giwa da idonta. Na so in sauya tambayar, amma Gwaggo ta riga ta kafe ni da ido tana jira.

"Gwaggo, wai ko kin taɓa ganin giwa."

"Giwa suka zo gani?"

Na sunkuyar da kai. Na ce sun zo gaishe ta ne, da kuma ganin gari.

"Kai dai faɗa mini gaskiya, ɗan nan. Daji suka zo gani." Ta juya ta dubi matar. "Gaya mata na gani sau ɗaya ina budurwa, daga nesa, muna tsintar kaɗanya. Gaya mata kuma maigidana yana kwance a dajin nan, ban san ko ruwa ya baje kabarin ba."

Ban taɓa jin Turanci ya yi mini nauyi a baki kamar ranar ba. Na fassara duka, ban rage ba. Abokina ya ajiye kofin furarsa. Matarsa ta rufe baki da hannu tana ba da haƙuri. Ni kuwa na rasa wa zan fi jin kunya, baƙin da suka bar Yankari saboda ni, ko matar da na kawo wa 'yan kallo har cikin gida.

Gwaggo ce ta fitar da mu. Ta ce tunda da mota suka zo, akwai inda take so a kai ta. Ta yafa mayafinta ta shiga gaba, abokina na tuƙi, tana nuna masa hanya da hannu. Muka fita bayan gari har inda wata hanyar ƙasa ta rabu da titi ta nufi wajen ƙauyukansu. Ta ce a tsaya.

Babu komai a wurin sai wata bishiyar ɗorawa da 'yan acaɓa suna jiran fasinja a ƙarƙashinta. Dawa ta fitar da kai a gonakin gefe, can gaba kuma dajin ya yi duhu. Gwaggo ta sauka, ta tsaya tana kallon hanyar. Wani ɗan acaɓa ya gane ta, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambaye shi wa da wa suka koma, wa ya noma gonar wane, ko rijiyar bakin masallaci tana nan. Yana amsawa tana cewa Allah sarki. Matar abokina ta je ta tsaya kusa da ita.

Abokina ya matso kusa da ni ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini haka abin ya kai ba?"

Na ce ban san ta inda zan fara ba.

Kafin la'asar muka juya Kaduna, don ba a son yamma ta yi wa mutum a hanyar. Gwaggo ta ɗaura musu gyaɗa da daddawa a leda, ta riƙe hannun matar ta ce in gaya mata ta gode da aka kai ta. Washegari suka wuce Kano. Da damina ta kewayo Gwaggo ta koma Gwaska a bayan babur, ita da wasu mata, ta shuka masara a gonar mijinta.