Inda Layin Dogo Ya Haɗe

Jiya da la'asar ina bakin layin dogo a Nguru, ina koyon zane. Malaminmu ya ce a ja layi a tashi ɗaya, ba rawar hannu, kuma ƙarafan biyu su haɗe can nesa.

Na haɗe su ke nan, sai wata tsohuwa ta leƙo takardata.

"Ɗan nan, ka toshe hanyar. Ta ina zai dawo?"

"Wa, Iya?"

"Ɗana. Tun da ya shiga jirgi, shiru."

Na sunkuya na goge mahaɗar. Ina ɗagowa na hango ta a tsakiyar layin dogon, tana ta ƙanƙancewa, har ta shige daidai inda na goge.

Yau hannuna ya ƙi haɗe layi biyu. Mutanen Nguru, akwai wanda ya san ta?