Na Karanta Takardar Gwaggo Sau Bakwai

Shekarar da na gama sakandare na samu aiki a wani shagon buga takardu a Illo, kusa da inda masu babura ke ɗaukar fasinjan ƙetaren iyaka. Kwamfuta ɗaya ce da firinta da wani janareto mai yawan tari. Duk wanda ya shigo da takarda magana ɗaya yake yi, a gyara masa. Ban taɓa tambayar kowa wane irin gyara yake nufi ba.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ce shugabar matan unguwarmu masu turara shinkafa. Ta ji labarin wata ƙungiya a birni da ke taimaka wa mata masu sana'a, amma sai an rubuta buƙata da Turanci. Ta zo ta zauna kan bencin shago tana faɗa da Hausa, ni ina juyawa. Takardar ta kai shafi biyu. Shafin farko duk gaisuwa ne da addu'a, sai can ƙasan na biyu muka ce injin casar shinkafa muke so.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayata daga wata ma'aikaciyar ƙungiyar. Kalma huɗu ne: "Please revise and resend."

Ban damu ba, domin na san revise tun daga aji ɗaya. Idan jarrabawa ta matso malamai kan ce mu je mu yi, mu kuwa mu buɗe littafi mu yi ta bita. Don haka na buɗe takardar na karanta ta sau bakwai, har na iya faɗar rabinta da ka. Na sake tura ta yadda take, na ce wa Gwaggo an gama.

Kwana uku bayan haka matar ta kira. Cikin ladabi ta ce kamar na yi kuskure na turo tsohuwar takardar. Na ce a'a, na yi abin da ta ce, har sau bakwai. Sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya. Kafin ta yi bayani layin ƙasar Benin ya hau wayata kamar yadda ya saba yi mana, kiran ya yanke. Kunya ta hana ni sake kira, amma abin ya tsaya mini a rai. Me na yi da ya ba ta dariya?

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bagudo wurin tsohon malaminmu na Turanci. Ya yi ritaya, ya koma kiwon zabbi, na same shi yana zuba musu dawa. Da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya ce ban yi kuskure gaba ɗaya ba, kalmar fuska biyu gare ta, kuma asalinta sake dubawa ne.

"Ɗalibi shina sake dubawa don ya riƙe," in ji shi. "Marubuci kuwa don ya canza. Ke kin yi aikin ɗalibi, ɗiyata, ita kuma na marubuci ta nema."

Na ciro biro na roƙe shi ya faɗa mini sauran kalmomin gyara na Turanci. Ya ce proofread shi ne bin takarda harafi-harafi ana farautar kuskuren bugu, ba a taɓa ma'ana, kuma a ƙarshe ake yinsa. Edit shi ne a rage surutu, a miƙe jimlar da ta karkace. Rewrite a ajiye tsohuwar a ɗauko farar takarda. Amend kuma an fi jinsa wurin doka ko yarjejeniya, inda ake canza sashe ɗaya a bar saura. Na tambaye shi dalilin da ya sa masu Turanci suka tara kalmomi har haka alhali mu gyara kawai muke cewa. Ya ce bai sani ba tabbas. Sai dai ya ce in ƙirga kalmomin Gwaggo a kan shinkafa: a turara, a shanya, a casa, a sheƙe, a tsince, a rege. Yana jin kowa kan yawaita suna a inda ya daɗe yana aiki.

Sannan ya sa tabarau ya karanta takardar. Ya tambaye ni ko babu injin casa a Illo. Na ce akwai har biyu.

"To mi ya sa kuke neman na uku?"

Sai ya ce in koma in tambayi matan abin da ke damunsu, daga nan aikin zai fara.

Na same su a gidan Gwaggo, tukwane na kan wuta. Gwaggo ta ce ai inji kowa ke nema, shi ya sa. Sai wata da aka auro daga ƙetare, wadda Hausarta ke gauraye da yaren Dendi kuma ba ta cika magana ba, ta ce ita casa ba ta taɓa ba ta wahala ba. Shanya ce matsalar. A gefen hanya suke baza shinkafa, awaki su taka, babura su watsa yashi, mai saye ya tauna ya ji tsakuwa ya wuce gaba. Nan take kowa ta ɗauka, har ana katse juna. Ashe daɓen siminti suke buƙata.

Na sake rubuta takardar a shafi ɗaya. Da na karanta wa Gwaggo fassarar ta ji babu doguwar gaisuwa, sai ta ɓata rai, ta ce ba ta taɓa shiga gidan mutane babu sallama ba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe na bar mata layi uku. Kafin in tura na bi ta da yatsa kamar yadda Malam ya ce, kuma Allah ya taimake ni. Na tsallake harafi ɗaya a kalmar drying, ta koma dying, wato wurin shanya ya zama wurin mutuwa. A wuri biyu na yi haka.

Bayan damina mutum biyu daga ƙungiyar suka zo da igiyar awo. An yi daɓen a wani fili bayan unguwa, bai kai girman da muka nema ba, aka haɗa musu da tamfol uku. Ranar da aka fara shanya na rufe shago na je. Matan na tafe a kan shinkafar da ƙafa babu takalmi suna baza ta, tururi na tashi. Wurin bai ishe su duka ba, sai suka raba kwanaki, waɗanda ba ranarsu ba suka ci gaba da shanya a gefen hanya.