Labulen Gidan Habukawa

Shigeharu Kuwabara ɗan masunci ne, amma ko kwalekwalen da ke ɗaure a bakin teku ya taka sai amai ya taso masa. Ubansa ya yi faɗa, ya yi lallashi, da ya gaji ya sa shi a jirgin ƙasan Osaka da jaka ɗaya, ya ce ya je ya nemi sana'ar da ƙasa ba ta rawa a ƙarƙashinta. Haka Shige ya faɗo gidan gashin nama na Habukawa, a lungun bayan tashar Tsuruhashi, inda hayaƙi ke kama rigar mutum tun bai shiga ba.

Da wankin ragar ƙarfen da ake gashi a kai ya fara. Kowane teburi da murhun gawayinsa a tsakiya, baƙi ne ke gasa namansu da kansu, shi kuwa nasa ya sa ido, da raga ta fara baƙi ya sauya ta kafin a kira shi. Sai da ya daɗe yana wannan kafin a bar shi ya taɓa wuƙa. Tsoho Habukawa, mai gidan, ba ya yabo. In yanka ya yi masa sai ya yi shiru. In bai yi ba sai ya ɗaga farantin sama kowa ya gani, ya ce, "Wannan harshen saniya ne ko tafin takalmi?" A hankali shirun ya fi yawa, har ta kai tsohon ya koma kujera kusa da ƙofa yana gaisa da mutane, wuƙa ta zama ta Shige. Mutum zai zauna bai ce komai ba, Shige ya dube shi daga bayan kanta ya san ko mai son kitse ne ko kuwa haƙoransa sun fara gajiya, ya yanka masa daidai da bakinsa.

Abin da ya riƙe shi a gidan nan shekara talatin da ɗoriya labule ne. Al'ada ce, wanda ya daɗe yana yi wa gida hidima, in ya isa, maigida ya ba shi labule irin na ƙofar shago mai ɗauke da sunan gidan, ya je ya buɗe nasa. Labulen shi ne shaidar cewa hannunsa da na maigida ɗaya ne. To Habukawa 'ya ɗaya gare shi, tana aure a Tokyo, ko warin hayaƙin ba ta so. Ranar da aka haifi Kayo, 'yar Shige, tsohon ya kira shi gefe ya nuna masa shuɗin labulen da ke ƙofa.

"Kar ka je ko'ina," in ji shi. "Ba reshe zan ba ka ba. Wannan ɗin da kake gani, naka ne."

Shige bai je ko'ina ba kuwa. Wani abokinsa ya zo har gida yana roƙo su buɗe nasu a Kobe, ya ce masa ya yi haƙuri. Matarsa Chizuru, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi kuma ta san halinsu sarai, ta ce, "Baban Kayo, wai yaushe ne? Ni dai iyakar labulen da nake gani a hannunka shi ne in ka kawo min shi wanki."

"Haba, Maigida ne fa."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Sai tsohon ya yi ciwon gwiwa, aka yi masa aiki, zuwansa shago ya ragu. A cikin wannan lokaci ne wasu mutum uku masu baƙar kwat suka shigo da yamma ana buɗewa. Maigida ya bugo waya ya ce baƙinsa ne, a kula da su. Kai, Shige ya kula da su! Ya ciro abin da ya ɓoye wa tsofaffin abokan ciniki, ya yanka harshe mai kauri ya tsaga bayansa don gishiri ya shige, ya tsaya a kansu yana cewa yanzu za a juya, yanzu za a sauke. Suka ci suna kallon juna. Da za su tafi ɗayansu ya roƙe shi hoto, wuƙa a hannu. Ya gyara ɗaurin kansa ya yi musu murmushi har kunne. Da ya koma gida ma sai da ya ba Chizuru labari, yana jin daɗi ya fidda Maigida kunya.

Ashe kamfani ne mai gidajen cin abinci birjik a gari, ɗanɗanar kaya suka zo yi kafin su saya. Kafin sanyi ya shigo an gama magana. Tsohon ya tara ma'aikata, ya dogara sanda, ya ce ba abin da zai canja, suna yana nan, Shige yana nan. Ko sau ɗaya bai dubi inda Shige yake tsaye ba.

Ba abin da zai canja, wai! Gawayi aka fara kwashewa aka ja bututun gas. Aka dasa ɗan allo a kowane teburi, mutum ya latsa abin da yake so, in lokacinsa ya cika allon ya yi masa ƙara ya tashi ya ba wani wuri. Nama kuwa mota ke kawo shi a leda, yankakke, jiƙe cikin wani ruwa mai zaƙi da ke sa shi laushi kamar soso. Ka ɗora shi a wuta ya tsiyaye ya ƙanƙance, ka tauna ka rasa ko wace gaɓa ce ta saniya. Aikin Shige ya koma farke leda da almakashi yana jerawa a faranti. Abin da ya fi ci masa rai, hoton nan da ya yi wa murmushi, shi suka buga ƙato suka kafa a ƙofa gefen labule, da rubutu a ƙasa wai hannun da kuka sani. Sabon manaja, wani saurayi mai ladabi kamar me, ya ce in baƙo ya tambaya, a ce masa Shige ne ke yanka.

Ranar hutunsa ya shirya ya tafi wurin tsohon. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma sai da ya tsaya a tasha ya sayi kwalin alawa, don ba a zuwa gidan babba hannu rabbana. Habukawa ya koma sabon gida a saman dogon bene, taga na kallon kogi. Ya karɓe shi da fara'a, ya zuba masa shayi. Shige ya durƙusa ya ce ba shagon ya zo nema ba, shago ya riga ya tafi. Labule kawai yake roƙo, ko ɗan ƙaramin wuri ne ya samu ya rataya, ya yanka nama yadda aka koya masa.

"Ai sunan suka saya, Shige. Labule ƙyalle ne. In ka rataya shi a wata ƙofa, kotu za su kai mu ni da kai."

"Maigida, kai ka ce nawa ne."

"Na faɗa. Lokacin gwiwata lafiya lau take." Ya kurɓi shayi. "Kuma kar ka ga laifina ni kaɗai. Yankanka suka ci suka yarda. Sun ce in ba za ka zauna ba, ba ciniki. Na ce musu su kwantar da hankalinsu, Shige bai iya cewa a'a ba. Shekara talatin ban taɓa ji ba."

Dariya ma ya yi da ya faɗa, irin ta wanda ke yabon ɗansa. Ashe ba shago kaɗai aka sayar ba, har da shi Shige a ciki, kuma mutumin da ya ɗauka uba shi ya yi musu bayanin inda za su kama shi. Ya so ya kifar da teburin nan. Maimakon haka ya shanye shayinsa, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, ya ce Maigida ya kula da gwiwar.

Chizuru ba ta ce na faɗa maka ba, ko da yake ya ga maganar a bakinta. Cewa ta yi, "Labule ya tafi, sai ka haƙura. Abin da ya rage maka yardar masu cin naman nan ce, mutanen kamfani kuma ita suke sayarwa a ƙofa. Ka ajiye musu aikinsu, ko wankin mota ne ka yi." Ya ce gobe zai yi wa manaja magana. Goben ta zo, manaja ya riga shi gaisuwa, ya sunkuya ya ce duk sun dogara da shi. Shige ya ɗaura ƙyallen aikinsa.

A satin ne Baba Ikoma ya shigo. Tsohon direban tasi ne, ya fi shekara ashirin yana cin nama a teburin kusa da kanta, rashin lafiya ce ta ɓoye shi tun kafin a sayar da gidan. Ya zo da jikarsa da ta samu shiga jami'a, tun daga ƙofa ana jin muryarsa.

"Shige! Wa ya ce maka kana da kyan da za a kafa ka a titi? Yarinya, yau za ki ci nama, ba irin robar da kuke ci ba."

Ya yi ta fama da allon har jikar ta karɓa ta latsa masa. Shige da kansa ya kai farantin. Baba Ikoma ya dubi naman, ya ɗora yanka ɗaya a wuta, ya zuba masa ido yana tsiyaya. Bai kai baki ba. Manaja na tsaye a teburin gefe yana goge abin da ba datti.

"Shige, kai ka yanka wannan?"

Shige ya dubi tsohon, ya dubi yarinyar da ke riƙe da tsinkayen cin abinci tana jira, ya ji manaja ya daina gogewa.

"Ni ne, Baba."

Muryar Baba Ikoma mai cika shago ta yi ƙasa, har sai da Shige ya matso kafin ya ji.

"Tun farantin yana hannunka na san ba kai ba ne. Kamfani ya cuce ni, wannan ba komai, aikinsu ke nan. So na yi in ji ko kai ma za ka yi."

Ya dafa teburi ya miƙe, ya ce wa jikar ta ɗauko jakarta su je su sha taliya a tasha. Ya biya a kanta bai yi gardama ba. A ƙofa ya juyo ya ce, "Ka gai da Chizuru," ya fita.

Shige na nan tsaye, yankan nan ɗaya yana ƙonewa a wuta. Manaja ya matso cikin ladabi ya ce akwai mutane a layi, ko zai taimaka a share teburin.

Shige ya ce to.