Yaɓen da Muka Yi wa Zaure

Gidanmu na unguwar Hindawiyya ba bene ba ne. Ginin dutse da laka ne, mahaifin Kaka ya yi shi bayan ya iso Makka da ƙafa ta Sudan, Kaka tana yarinya. Abin da ya raba shi da sauran gidajen layin yana cikin zaure. A zamaninsa, duk alhajin da ya iso daga ƙasar Hausa ya sauka a wurinsa, sai a kwaɓa laka a manna a bango, baƙon ya danna tafin hannunsa a kai. Haka bangon ya cika da shatin hannaye. Na san su duka. Akwai mai guntun yatsa, akwai wanda shatin zobensa ya fito, akwai ɗan ƙarami can ƙasa kusa da ƙofa.

Shekarar da na shiga aji uku a makarantar 'yan mata, aka zo faɗaɗa hanya. Gidan da aka shafa wa jan fenti, sai a rushe shi, mutanensa su koma wajen unguwar Kudai.

Wata rana bayan azahar injiniyan hanyar da abokin aikinsa suka yi sallama, suka nemi inuwa a zaurenmu. Baba yana shago. Na tura musu ruwa ta ƙarƙashin labule, na tsaya ina leƙe. Injiniyan bai sha ba. Ya daɗe yana bin bangon da ido, ya sa hannunsa cikin ɗaya daga hannayen ya gwada. Na ji yana ce wa abokinsa da Larabci, irin wannan ba a rushe shi haka kawai, hanya za ta iya ɗan kaucewa, amma sai manyansa sun gani da idonsu. Da za su fita ya ɗaga murya ya ce a faɗa wa mai gida manya za su zo duba gidan bayan Juma'a. Wannan kaɗai Kaka ta ji daga tsakar gida.

Da Baba ya dawo ya ce ƙila in suka ga ginin da ƙarfinsa su bar mana shi.

"To ai sai a gyara," in ji Kaka. "Baƙin hukuma ba za su shigo su tarar da zaure kamar fuskar mai ƙyanda ba. A yaɓe shi, a shafa farar ƙasa."

Na ce, "Kaka, hannayen nan..."

"Me suka yi miki, 'yar makaranta? Ɗaga murya, ke da ba a jin ki sai ƙuda ya yi shiru."

Aka yi dariya, har Umma. Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

"Suna nan ƙasa, ba inda za su," Kaka ta ƙara. "Rufe su za mu yi, yadda ake rufe tuwo."

Ba kunyar ce kaɗai ta hana ni faɗin abin da na ji injiniyan ya ce ba. Akwai wata ƙawata da suka riga suka koma Kudai, ta ba ni labarin famfon da ke cikin gidansu, ba jiran mai ruwa da garwa. Tun daga ranar nake ganin famfon nan a raina.

Mu mata muka yi yaɓen. Ni aka ba ƙasan bango don ba na buƙatar durƙusawa sosai. Na cike ɗan ƙaramin hannun da laka, na bi da tsumma mai ruwa har ya yi sumul. Kaka ta ce wajena ya fi na kowa kyau. Na ji daɗin yabon, kuma har yau ina tuna cewa na ji daɗinsa.

Manyan suka zo, injiniyan yana gaba, yana ta yi musu bayani tun daga waje. Da ya shigo zauren sai ya ja ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya fita ya sake kallon ƙofar ko ba gidan ba ne. Babban cikinsu ya yaba tsafta, ya sha shayi, ya ce bai ga abin da ya bambanta gidan da na maƙwabta ba. Kafin la'asar an shafa mana jan fenti.

"Ko ba komai," Kaka ta ce, "ba su same mu da ƙazanta ba."

Ranar tashi, Baba ya sa aka cire ƙyauren zaure don mu tafi da shi. Da aka girgiza shi, sabon yaɓen da ke gefen ƙofa ya ɓalle, ɗan ƙaramin hannun ya fito. Kaka ta ajiye ƙunshin da ke kanta ta durƙusa a hankali. Ta ɗora tafinta a kai, ya rufe shi gaba ɗaya.

"Nawa ne," ta ce. "Kuka na yi ta yi, lakar da sanyi."

Motar kaya tana ta ƙara a waje. Ta miƙo mini hannu na tashe ta, ta ce in ɗauko mata ƙunshin.